Mudun Wata Kasuwa: Gyara a Kan Yadda Muke Karanta Gwajin Suga da na Fararen Ƙwayoyin Jini

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa kafin a shiga ciniki sai an daidaita a kan ma'auni. Da wane mudu za a auna? Kuɗin nan da ka faɗa, naira ce ko sefa? Babu mai sayen gero ya yi sake da wannan tambayar. Amma wayon nan da muke da shi a kan hatsi, da mun zo ƙofar asibiti sai mu ajiye shi tare da takalmanmu. A miƙo mana takarda mai lambobi, mu karɓa kamar hukuncin alƙali.

Abubuwa biyu da suka faru a danginmu ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Na farko, wani kawuna mai fataucin dabbobi ya yi gwajin suga a wani asibiti a tsallaken iyaka, cikin Nijar. Takardar ta ce 1,60. Da ya dawo gida sai ya nuna wa yaron da ke tsaron wani kemis. Yaron ya saba ganin lambobi irin su 5 da 6, don haka da ya ga ɗaya da 'yan kai sai hankalinsa ya tashi, ya ce sugan Alhaji ya yi ƙasa sosai, ya riƙa shan lemo da shayi mai zaƙi. Sati biyu yana bin wannan shawara kafin takardar ta iso hannuna. Na ce, "Kawu, kafin ka karya aka ɗebi jinin nan?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa, ko ruwa ban sha ba." Na sake duba takardar. A gefen lambar, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta g/L. Wato sugan Kawu a sama yake, a matakin da ake zargin ciwon suga.

Na biyu, wata ƙanwata da za ta shiga makaranta aka nemi ta kawo shaidar lafiya. Lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi. Sai na'ura ta fitar da adadin fararen ƙwayoyin jininta 3.4, ta kuma buga harafin L a gefe, alamar ya yi ƙasa. Aka ce mata garkuwar jikinta ta yi rauni. Kun san inda tunanin mutane yake zuwa idan aka ambaci raunin garkuwar jiki. Kwana uku yarinyar nan ba ta yi barcin kirki ba, gida kuma aka kashe kuɗi a kan magungunan ƙarin jini da ba ta buƙata.

Na'urorin ba su yi ƙarya ba a duka biyun. Matsalar tana cikin takardar da kuma yadda muke karanta ta. Ita nake so mu zauna mu yi wa gyara.

Daga ina lambobin gefe suka fito?

A kowace takardar gwaji akwai lambarka, sannan akwai wasu lambobi biyu a gefe da ake kwatanta taka da su. Na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake rubutawa WBC, yawanci za ka ga 4.0 zuwa 11.0. Ma'anarsa ƙwaya 4,000 zuwa 11,000 a cikin ɗigon jinin da bai wuce girman kan allura ba.

Yadda ake samo su ba wani sirri ba ne. Ana tara mutane masu lafiya, a auna su, a cire kashi 2.5 cikin ɗari na can ƙasa da kashi 2.5 na can sama, a ce sauran kashi 95 ɗin su ne ma'auni. Ka ga kenan tun daga tushe, mutum ɗaya cikin kowane 20 masu cikakkiyar lafiya zai faɗo waje. Idan aka yi maka gwaje-gwaje goma da ba su da alaƙa da juna, yiwuwar ɗaya ya fito da alamar H ko L ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari, alhali babu abin da ke damunka. Wannan lissafi ne kawai.

To, tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce: su wane ne masu lafiyar da aka auna? Lambobin 4.0 zuwa 11.0 daga littattafan Turai da Amurka suka zo, kuma akasarin waɗanda aka auna Turawa ne. Na'urar da aka shigo da ita ta zo da su a cikinta, aka kunna, aka ci gaba da bugawa. Mutumin Gagarawa ana auna shi da mudun Landan.

Jininmu da nasu ba ɗaya ba ne a nan

Wani zai ce ai jini jini ne. A abubuwa da yawa haka ne. A wannan dai akwai bambanci, kuma an daɗe da saninsa. Tun 1971 wasu likitoci biyu, Shaper da Lewis, suka wallafa a mujallar Lancet cewa lafiyayyun 'yan Afirka suna da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyi idan aka kwatanta da Turawa. Nau'in shi ne nutrofil, sojan da ya fi yawa kuma yake fara tarar ƙwayoyin bakteriya.

Dalilin ya ɗauki shekaru kafin ya fito fili. A jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani furotin da ake kira Duffy, wanda aka gano a 1950. A 1976 Louis Miller da abokan aikinsa suka nuna cewa wani nau'in ƙwayar maleriya mai suna vivax ta wannan furotin take shiga jajayen ƙwayoyi, kamar ƙofa. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma, sama da kashi 90 cikin ɗari a wurare da dama, sun gaji wani ɗan canji a ƙwayar halitta da ya toshe wannan ƙofa, shi ya sa vivax ba ta da ƙarfi a yankinmu kamar yadda take a Indiya. Sai a 2008 da 2009 binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa wannan canjin dai shi ne ke sa adadin nutrofil da ke yawo a jini ya yi ƙasa.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2023 a kan lafiyayyun baƙaƙen fata a Amurka ya samu matsakaicin nutrofil kusan 2,800 ga marasa Duffy, da kusan 5,000 ga masu shi. Kafin nan, a wani binciken da aka wallafa a 2009, an auna lafiyayyun manya sama da 2,000 a Ruwanda da Yuganda da Kenya da Zambiya, aka samu ma'aunin fararen ƙwayoyinsu 3.1 zuwa 9.1, na nutrofil kuma 1.0 zuwa 5.3. Da wannan mudun aka auna ƙanwata, 3.4 ɗinta ba ta jawo ko ɗaga gira ba.

Abin lura, masu wannan gado ba sa kamuwa da cututtuka fiye da kowa. Ɓargonsu yana ƙera nutrofil yadda ya kamata, kuma idan cuta ta shigo suna tashi su yi yaƙi. Shi ya sa masana jini suke barin tsohon sunan da ake kiran abin da shi, mai nuna kamar wata nakasa ce ta ƙabila. Ta yaya za a kira yanayin da yawancin al'umma suke ciki lafiya lau da sunan ƙaranci?

Ɓarnar ba ta tsaya ga tashin hankali ba

Akwai magungunan da likita ke duba adadin nutrofil kafin ya bayar ko ya ƙara: magungunan sankara, hydroxyurea da ake bai wa masu amosanin jini, da clozapine na wasu masu taɓin hankali. Idan ma'aunin na aro ne, sai a rage wa mutum magani ko a dakatar da shi bisa haɗarin da babu shi. Amurka kanta ta gane haka, a 2015 hukumar kula da magungunanta ta sassauta iyakar nutrofil ta clozapine ga masu wannan gado. Su da marasa Duffy suke tsiraru a cikinsu sun gyara, mu da muke mafi rinjaye muna nan da tsohuwar takarda.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, mutumin da adadinsa na yau da kullum 3.5 ne, idan ya kwanta ciwo aka samu 9.5, ya kusa ninkawa uku. Takarda za ta ce daidai yake tunda bai haura 11.0 ba. Mai karanta lambobin gefe kawai sai ya sallame shi.

Har a lissafin maleriya abin ya shiga. Mai duba jini a madubin likita yakan ƙirga ƙwayoyin maleriya a kan fararen ƙwayoyi 200, sannan ya ninka bisa zaton cewa kowa na da 8,000. Idan ainihin adadin mutum 4,000 ne, an ninka masa yawan ƙwayoyin cutar sau biyu a takarda.

Jimilla kaɗai ba ta ba da labari

Kuskure na gaba shi ne tsayawa a kan jimillar WBC. Fararen ƙwayoyi iri biyar ne, kowanne da aikinsa. Idan nutrofil ne suka hau, an fi zargin bakteriya. Idan limfosayit ne, sau da yawa bairos ne, kuma yara ƙanana dama nasu ya fi na manya yawa. Idan iyosinofil ne, a yankinmu a fara tunanin tsutsar ciki ko tsargiya, musamman ga yaran da ke wanka a kududdufi da damina. Mace mai ciki adadinta yakan hau ba tare da wata cuta ba. Mai amosanin jini shi ma yakan zauna da adadi mai yawa, kuma ƙananan na'urori kan ƙirga jajayen ƙwayoyinsa da ba su gama nuna ba a matsayin farare.

Sannan ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: zazzaɓin taifot da maleriya, cututtukan da aka fi ambata a asibitocinmu, sau da yawa suna barin adadin a daidai ko ma su sauke shi. Don haka "WBC ya hau, taifot ne" ba magana ba ce, haka ma "WBC daidai yake, ba komai."

A kan suga, maganar ta sha bamban

A nan sai mun yi hattara, kada wani ya ɗauki abin da na faɗa a sama ya ce iyakar ciwon suga ma ta Turawa ce, ba ta shafe mu ba. Ta shafe mu. Ita ba ta hanyar tara lafiyayyu aka samo ta ba. An duba ne a ga daga wane mataki suga yake fara lalata jijiyoyin ido, a binciken da aka yi a Masar da Amurka. A kan haka aka sauke iyakar daga 140 zuwa 126 a 1997, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1999. Idon Bagumale da na Bature duk suga ɗaya ne yake cinye su.

Ga iyakokin: idan mutum ya kwana bai ci ba, 7.0 mmol/L ko sama. Idan a kowane lokaci aka auna kuma yana da alamomi irin su yawan fitsari, ƙishirwa da rama, 11.1 ko sama. Wanda ba shi da alamomi, sai an maimaita gwajin a wata rana kafin a ce yana da ciwon. Tsakanin 6.1 da 6.9 gargaɗi ne.

Inda takardunmu suke kasawa a kan suga wurare huɗu ne.

Na ɗaya, ma'auni. A masarautar Gumel mudu uku ne ke yawo. Dakunan gwaji da yawa a Najeriya suna rubuta mmol/L. Na'urorin hannu da ake saya a kemis da yawansu mg/dL suke nunawa. A Nijar kuma, bisa tsarin Faransa, g/L aka saba. Abu ɗaya ne: 7.0 mmol/L shi ne 126 mg/dL, shi ne 1.26 g/L. Daga mmol/L zuwa mg/dL ka ninka da 18. Daga g/L zuwa mg/dL ka ninka da 100. Lambar Kawu ta 1,60 ita ce 160, ita ce kusan 8.9. A garin da mutane ke tsallaka iyaka kullum, ma'aikacin lafiyar da bai san wannan ba haɗari ne, kuma takardar da ke ɓoye ma'auni a ƙananan baƙaƙe ta taya shi.

Na biyu, maganar rashin ci. Ana buƙatar aƙalla awa takwas babu abinci. Mutum zai ce bai ci komai ba, alhali ya sha koko da suga ko shayi da madara, don a wurinsa abin sha ba ci ba ne. Wani kuma ya ji kamar azumi aka ce, ya ƙi shan ko ruwa, bayan ruwa zalla ba ya ɓata gwajin. A watan Ramadan, wanda ya yi sahur da asuba ya zo ƙarfe tara bai cika awa takwas ba. Tambayar da ta dace ita ce, "Me ya shiga bakinka na ƙarshe, kuma da ƙarfe nawa?" A rubuta amsar a takarda.

Na uku, tafiyar jinin. Jinin da ke cikin kwalba rayayye ne. Jajaye da fararen ƙwayoyin da ke ciki suna ci gaba da cin sugan, kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa, kuma abin yana ƙaruwa idan akwai zafi ko fararen ƙwayoyin sun yi yawa. Ɗauki jinin da aka ɗiba a wani ƙauyen Sule Tankarkar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, aka ɗora a babur zuwa gari, aka zauna jiran wuta. Idan suga 7.8 ne lokacin ɗiba, bayan awa uku zai iya komawa wajen 6.5. Mai ciwon suga ya koma gida da albishir ɗin ƙarya. Akwai kwalba mai murfi ruwan toka da ke ɗauke da sinadarin da ke hana wannan, amma ita ma tana ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu kafin ta kama aiki sosai. Mafita ita ce a raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa da wuri. Yawancin takardun da na gani ba su da gurbin lokacin ɗiba da lokacin aunawa, balle mai karatu ya san tazarar.

Na huɗu, na'urar hannu. Tana da amfani ƙwarai, tana ceton rai, musamman ga yaron da maleriya mai tsanani ta sauke wa suga. Amma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta yarda ta kauce da kashi 15 cikin ɗari. Suga 126 na gaskiya zai iya fitowa 107 ko 145. Tsinken gwajin yana lalacewa da zafi da laima, kuma akasari ana so a ajiye shi ƙasa da digiri 30, abin da shagon kwano a bazara ba zai iya ba. Ƙarancin jini yana sa wasu na'urorin su nuna sama da gaskiya. Yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro ba a wanke ba ma yana ɗaga lamba. Na'urar bibiya ce da tantancewar farko. Tabbatar da ciwo aikin ɗakin gwaji ne.

Akwai kuma gwajin HbA1c da ake yayi yanzu, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, inda 6.5 cikin ɗari take iyaka. Ya dogara ne a kan cewa jan ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120. Duk abin da ya gajarta wannan rayuwa yana sauke sakamakon. Bincike biyu na 2017 sun nuna haka ga masu AS da kuma masu ƙarancin sinadarin G6PD, inda ga maza ragin ya kai kusan 0.8. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake AS, ga maleriya ga ƙarancin jini, bai kamata a dogara da shi shi kaɗai ba.

Abu ɗaya da ke haɗa gwaje-gwajen biyu: magunguna irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi ba da izinin likita ba, suna ɗaga suga, suna ɗaga nutrofil. Wanda ya ɓoye wa likita yana shan su zai iya fita da maganin cututtuka biyu da ba shi da su.

A yi wa ma'aikatan adalci

Ba na ɗora wa ma'aikacin ɗakin gwaji laifi. Mutumin da ke aiki shi kaɗai, wuta na zuwa tana ɗaukewa, layi har waje, ba shi ya zana takardar ba. Kuma gaskiya ne ma'aunin aro ya fi babu. Haka nan ba kowane ɗan yankinmu ne marar Duffy ba. A kasuwar da ke tara Hausawa da Fulani da Mangawa da Buzaye, launin fata ko yare ba ya gaya maka gadon mutum. Kada kuma a ce duk wani ƙarancin fararen ƙwayoyi gado ne. Idan ya zo da zazzaɓi mai dawowa, gyambon baki, rama, ko jajayen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini su ma sun sauka, ko nutrofil ya yi ƙasa da 1,000, wannan na buƙatar bincike ba tare da ɓata lokaci ba.

Amma uzurin yana da iyaka, don gyaran ba shi da tsada. Ƙa'idar da ɗakunan gwaji na duniya ke bi ta ce lafiyayyu 20 sun isa a jarraba ma'aunin aro. Idan fiye da biyu suka faɗo waje, ma'aunin na da alamar tambaya. Kafa sabo kuma na buƙatar aƙalla mutum 120 a kowane rukuni. Masu ba da gudummawar jini a Babban Asibitin Gumel kaɗai za su iya cika wannan adadi. Aiki ne da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse ko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano za su iya yi, Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa da hukumar kula da ɗakunan gwaji ta ƙasa su sa hannu a buga a takarda. Ƙara gurbin lokacin ɗiba, lokacin aunawa, abincin ƙarshe da ma'auni da manyan baƙaƙe kuwa, kuɗin buga sabuwar takarda kawai zai ci.

Kafin a kai ga haka, mai karatu, idan aka miƙo maka sakamako ka tambayi da wane ma'auni aka rubuta sugan, ka faɗi gaskiyar abin da ka ci da magungunan da kake sha, ka nemi a nuna maka rabe-raben fararen ƙwayoyin ba jimilla kawai ba. Ka adana tsofaffin takardunka, don sakamakonka na lokacin da kake lafiya ya fi lambobin gefe sanin jikinka. Kuma ka kai takardar wurin wanda zai duba ka, ya taɓa ka, ya ji bayaninka.

Kawu ya maimaita gwajinsa, an tabbatar da ciwon, yanzu yana kan magani ya kuma rage shayi. Ƙanwata an sake auna ta bayan wata shida, aka samu 3.6. Na'urar ta sake buga mata L.